Ranar da Na Yabi Ɗan Mista Otis

Tun da na dawo daga Amurka ban samu sakat ba. A masallaci tambaya, a majalisarmu ta bakin tasha tambaya, har mai gyaran rediyo da ba mu taɓa wuce gaisuwa ba ya tsayar da ni. Kowa kuma ta inda ya ga dama yake farawa. Wannan ya tambayi abinci, wancan ya tambayi jirgi, wani ya tsallake duka ya ce, "To, an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba?" Ni ba na ba da labari ta tsakiya. Aikin da na yi a tashar jirgin ƙasa ta Zariya har na yi ritaya a kan ƙa'ida ɗaya ya tsaya: ba a sakin jirgi sai na gabansa ya fice. Saboda haka na zauna na rubuta daga farko, kowane abu a layinsa. Mai son ƙarshe ya biyo hanya.

Da farko, dalilin tafiyar. Ƙanena Sani likita ne, yana zaune a Laurel, tsakanin Washington da Baltimore. Shi da matarsa Hajiya Mairo, wadda ita ma aikin jinya take yi, Allah bai ba su haihuwa ba. Da aka yaye ɗana na fari, mahaifinmu Malam Tanko, Allah ya ji ƙansa, ya ce a ba Sani riƙonsa. Da Sani ya samu aiki a can, ya tafi da shi tun bai shiga firamare ba. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san dalili. Yaron zan riƙa cewa, ko da yake ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa.

Yaron ya tashi yana wasan ƙwallon Amurka. Ba irin tamu ba ce. Ƙwallon kamar gwanda take, da hannu ake jifa, ana sanye da hular kwano ana ture juna. A kowace tawaga akwai mutum ɗaya da komai ke bi ta hannunsa, shi ke karɓar ƙwallo ya zaɓi wanda zai jefa wa. Kwatabak suke ce masa. Aikin yaron ke nan. Da ya gama jami'a, wata ƙungiyar ƙwararru ta gayyace shi sansanin atisaye. Manyan kwatabak biyu na ƙungiyar babu mai taɓa su. Gurbi ɗaya ya rage, matasa biyu ke nemansa, yaron da wani. A ƙarshen watan Agusta za a ajiye ɗaya a sallami ɗaya.

Sani ya kira ni ya ce, "Yaya, tun yana sakandare iyayen yara ke cika wurin kallo. Bai taɓa cewa komai ba, amma ina ganin inda yake dubawa. Wannan karon ka zo."

Na ce zan duba. Ya ce ya riga ya fara neman biza.

Uwar yaron ba ta ce komai ba sai ranar tafiya. Ta miƙo ƙullin kilishi da yaji da kuka ta ce, "Na mutanen gidan ne." Duk mun san wane ne mutanen gidan.

Daga Zariya mota zuwa Kaduna, daga Kaduna jirgin ƙasa zuwa Abuja. Ba zan ce komai a kan yadda ake sakin jirgi yanzu ba, don ba shi ya kawo mu ba. Jirgin sama kuwa ban ji tsoronsa ba, abin da ya dame ni rashin sanin inda alƙibla take da kuma lokacin salla, don rana ta ƙi faɗuwa, muna ta binta. Wata mata 'yar Jos da ke kusa da ni ta duba allon da ke bayan kujera ta nuna mini gabas. Allah ya saka mata.

A bakin shiga ƙasar aka fara gwada ni. Jami'in da ke duba fasfo ya tambayi wurin wanda na zo. Turancina na tasha ne, amma idan an yi a hankali ina ji, ina kuma mayarwa. Na ce wurin ƙanena. Ya ce sai me? Na ce akwai wani yaro a gidansa mai wasan ƙwallo.

"Wani yaro? Ɗan wa?"

Sani ya ja mini kunne cewa kada in ɓoye komai a wurin nan. Na dubi tebur na ce nawa ne. Da ya ji matsayin da yaron ke bugawa sai fuskarsa ta sake, ya ce lallai ina alfahari da shi. Na yi shiru. Ya jira. Na ci gaba da shiru. Ya daɗe yana kallona kafin ya buga hatimi, har zufa ta karyo mini a cikin wannan sanyin na'ura. Da na san abin da ke gaba, da tun a nan na gane ƙasar da na shigo.

Wajen ɗaukar kaya kuma wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna a gaban jakata. Aka buɗe. Yaji ya wuce, kuka ta wuce bayan dogon bayani, kilishi ya tafi kwandon shara a gaban idona. Ba a shiga musu da nama. Na tsaya ina tunanin abin da zan gaya wa uwar yaron.

Masauki a gidan Sani ne, ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Gidan katako ne, duk wanda ya taka a sama sai ka ji kamar a kanka. Waje zafi mai danƙo, kamar ana dafa ka da tururi, ciki kuma sai da na nemi bargo. Maƙwabta ba sa tsayawa gaisuwa. Sukan ɗaga hannu ɗaya suna tafiya, ko da kana tsakiyar tambayar iyali. Yaron ba ya gida, ƙungiya ta ajiye su a otal, sai dai ya kira da yamma ya gaishe ni a taƙaice.

Hajiya Mairo ta ga ba na cin abincinsu sosai, ta ce mu je Wheaton a sayo garin tuwo. A shagon wani Isufu, mutumin Damagaram, na fara jin yadda ake auna yaran nan biyu. Muna shiga wani Bitrus, ma'aikacin jinya daga Pankshin, ya ji ko ni wane ne, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Baba, ɗanka yana da hannu! Daga tsakiyar fili yake jefawa ta faɗa a tafin mutum. Ga gudu. Idan aka biyo shi sai dai a kama iska."

Isufu yana auna gari ya ce da guntun Faransancinsu, "Bon, gudu. Dawaki muke nema? Ɗayan ya shekara da shekaru yana bugawa a babbar jami'a, ya ga komai. Hannunsa ba wani ƙarfi, amma ba ya kuskure. Naku a ƙaramar makaranta ya yi, kuma a makare aka sa shi a wurin."

"Shi ya sa! Wancan ya gama nuna. Wannan yanzu ya fara."

"Koci ba ya cin ɗanye, Bitrus. Idan babba ya ji ciwo ranar Lahadi, wa za ka tura? Wanda zai iya yau, ko wanda zai iya baɗi?"

"Kai dai tsoro ya yi maka yawa. Shi ya sa har yau shago ɗaya gare ka."

"Kai da jarumtaka ta yi wa yawa, ina naka?"

Na tambaye su wane irin kuskure ake magana. Isufu ya jera gwangwanayen tumatir a kan kanta. Ya ce kafin a fara, an riga an tsara wa kwatabak: ka dubi wannan da farko, idan an tsare shi ka dubi na biyu, sannan na uku. Duk cikin numfashi biyu ko uku, ƙarti kuma suna tahowa su danne ka. Ɗayan yaron yana bin layin nan daidai. Namu idan ya dubi na farko ya ga a rufe, sai ƙafarsa ta ɗauke shi.

Zancen ya zauna mini. Wanda ke bin layi, ai shi ne irin ma'aikacin da nake so a tasha.

Sai ranar da aka ba iyalai izinin kallon atisaye. Hajiya Mairo tana aiki, ni da Sani muka tafi. Babbar hanyar da ta kewaye birnin Washington ta cushe, motoci layi-layi, babu mai hon, babu mai hawa gefen titi. Wannan kam na yaba musu.

A wurin zaman iyalai na haɗu da Mista Otis, uban ɗaya yaron. Baƙar fata ne, ƙato, tsohon direban bas daga kudancin ƙasar. Rigar da ke jikinsa hoton fuskar ɗansa ne a buge. Duk jifan da ɗan ya yi sai ya miƙe ya buga ƙirji ya ce, "Ɗana ne wancan! Ni na haife shi!" Ni na riƙa jin kunya a madadinsa. Amma mutum ne mai fara'a, ya ba ni ruwan sanyi, ya matsa mini wuri a inuwa.

Na kalli atisayen da kyau. Abin da Isufu ya faɗa gaskiya ne, abin da Bitrus ya faɗa ma gaskiya ne. Ɗan Otis kansa na juyawa kamar agogo, ƙafafunsa a kafe, jifansa gajere, kowanne ya isa inda aka aike shi. Yaron kuwa sau ɗaya ya yi wani jifa da ya sa har manyan 'yan wasa suka juyo suna ihu, sannan ya yi biyu da suka tafi inda babu kowa.

Ana tashi, asibiti ta kira Sani, ya koma gefe da waya. Daidai lokacin yaran biyu suka nufo mu tare da kocinsu, wani siririn dattijo mai furfura. Yaron ya cire hular kwano, ya rusuna duk da kayan da ke jikinsa, ya ce, "Baba, ina wuni." Na amsa ina duban gefe, kamar yadda ya kamata.

Kocin ya ba ni hannu ya ce, "Kai ne baban da ya zo daga nesa. To, me ka gani yau?"

Ku da ke karanta wannan, ku gaya mini abin da mai tarbiyya zai yi. Ga ɗan wani tsaye, ga ubansa kusa da ni, ya ba ni ruwa. Ga nawa. A wurinmu kai za ka yabi ɗan maƙwabcinka ka rage naka, shi kuma ya karɓa ya ce a'a, ai naka ne yaro, nawa me ya iya. Kowa ya tashi da yabonsa, babu wanda ya yabi kansa. Haka na yi. Na tattara Turancina na ce ɗan wannan bawan Allah yana da natsuwa. Na ɗaya, ƙafarsa ba ta rawa. Na biyu, yana duba mutanensa bi da bi. Na uku, ba ya ɓarnar ƙwallo. Wannan kuwa, na nuna yaron da haɓa, gaggawa gare shi, ba ya jira, sai gudu. Yana da sauran koyo mai yawa.

Na juya wajen Mista Otis ina jira.

Ya daki kafaɗata har na yi tangaɗi. "Mutumin nan ya san ƙwallo! Koci, ka ji ko? Ba ni na faɗa ba!"

Na ci gaba da jira. Babu abin da ya biyo baya. Kocin ya yi 'yar dariya, ya dubi yaron, ya dube ni. Ɗan Otis ya sunkuyar da kai. Yaron ya mayar da hular kwanonsa a kai, alhali an gama atisaye, ya juya ya tafi.

A mota Sani ya sa na maimaita masa abin da na ce. Da na gama ya ce:

"Yaya, a nan idan uba bai yabi ɗansa ba, ana ɗauka akwai abin da ya sani."

"Kana nufin kocin zai yanke hukunci da maganar tsohon ma'aikacin tasha?"

"Ba kocin nake ji ba."

"Shi yaron bai san al'ada ba? Me kuka koya masa?"

"Mun koya masa gaisuwa da salla da cin tuwo. Wannan ban taɓa tunanin sai an koya ba. Ni kaina a gaban mutane nake yabonsa, Yaya, don haka ake yi a nan."

Daga ranar kiran yamma ya tsaya. Yakan aika wa Hajiya Mairo saƙo cewa yana lafiya, shi ke nan. Aka yi wasan gwaji a wani gari, muka kalla a talabijin. Da aka sa shi, ban gane shi ba. Ya kafe wuri ɗaya kamar turke, yana juya kai irin na ɗan Otis, hanya a buɗe a gabansa amma ya ƙi gudu. Aka danne shi. Ya tashi, aka sake danne shi. Da ya jefa, a hannun abokan hamayya ta faɗa. Ya bar abin da ya iya, bai kama abin da bai iya ba. Wasa ɗaya ya rage kafin a yanke hukunci.

Tuwon Wheaton ma ya daina wuce mini. Ina zaune a ɗakin ƙasa ina jin takun Sani yana kai da komo a sama. Na tsallaka teku don in tsaya a inda yaron ke dubawa, ga abin da zuwana ya haifar.

Hajiya Mairo ta sauko da waya a hannu. "Yaya, ka kira shi. Ka ce masa kana alfahari da shi. Shi ke nan fa."

Na karɓi wayar. Na riƙe ta. Mahaifinmu har ya koma ga Allah bai taɓa gaya mini irin wannan ba, ban kuma taɓa shakkar matsayina a wurinsa ba. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Ko ta fito, yaron zai ji cewa sa ni aka yi.

Na mayar mata na ce, "Ni na yi rabona. Mista Otis ne ya bar aiki a rabi. Ki kai ni wurinsa."

Ta dube ni kamar za ta yi musu, sai ta fasa. Tana da lambar matarsa, don iyaye mata sun san juna.

A Greenbelt ya sauka, wurin wata 'yar'uwarsa. Ya ce mu haɗu a gidan cin ƙaguwa, wai ba a zuwa jihar nan ta Maryland a koma ba a ci ba. Aka shimfiɗa takarda a tebur, aka juye ƙaguwa tuli guda jajir da yaji, aka ba kowa 'yar gudumar katako. Na buga ta farko, ƙafarta ta yi tsalle ta faɗa teburin wasu. Wahalar ta fi naman yawa. Na ajiye guduma na ce wa Hajiya Mairo ta fassara, don wannan ta fi ƙarfin Turancina.

Ta yi masa bayani tiryan-tiryan: ɗan fari, kunya, dalilin da ba na kiran sunansa, da yadda ake yabon ɗan wani a jira ya mayar. Mista Otis ya saki baki. Sannan ya fashe da dariya har ya ƙware, matarsa tana bubbuga masa baya.

"Wato jefo mini ka yi, ni kuma na rungume ƙwallon na tafi gida da ita!"

Na ce haka ne.

"Ni kuwa na ce wa matata, ban taɓa ganin uba mai taurin zuciya irin wannan ba."

Dariyar ta ƙare. Ya goge hannunsa a hankali.

"Bari in gaya maka gaskiya, tunda kai ka fara. Nawa, abin da ka gani shi ke nan. Ni na koya masa tun yana ƙarami a bayan gida, na san inda hannunsa ya tsaya. Zai yi aiki mai tsabta, ba zai ba kowa kunya ba, amma ba zai wuce haka ba. Naka bai ma san abin da yake da shi ba. Bin layi ana koya wa mutum. Wancan hannun ba a koyarwa. Tun da aka buɗe sansanin nan yaronka ke hana ni sukuni."

Na ce to shi ne nake so yaron ya ji.

Ya juya guduma a hannunsa. "Ka san abin da kake roƙona? Gurbi ɗaya ne. Idan na tayar da naka, nawa zai iya faɗuwa."

Na ce na sani.

Matarsa ta ce masa wani abu a hankali wanda Hajiya Mairo ba ta fassara ba. Ya ja dogon numfashi.

"Koci ba zan gaya masa komai ba, ni ba waliyyi ba ne. Amma yaron zan same shi."

Ya same shi bayan atisaye, kwana ɗaya kafin wasa. Ba na wurin, ban kuma tambayi abin da ya ce ba.

Ranar wasan ƙarshe da rana aka yi. Muka bar mota a Greenbelt muka shiga jirgin ƙasa, muka canja wani a cikin gari. Jiragensu suna bin juna a tsare, ƙofa ba ta buɗewa sai an tsaya cak. A wata rana da na ji daɗin kallon wannan. Ranar ban iya ba.

Filin ya fi duk inda na taɓa shiga girma. Kiɗa, ihu, mutane da fenti a fuska. Mista Otis ya sa aka haɗa mana kujeru. Bayan hutun rabin lokaci aka sa ɗansa. Ya yi abin da ya saba, gajere, gajere, gajere, har suka matsa kusa aka buga ƙwallo ta tsakanin sanduna aka samu maki kaɗan. Babu kuskure ko ɗaya. Na ce wa uban, "Madalla." Har zuciyata na faɗa.

Sai kashi na ƙarshe. Lasifika ta kira suna, na ji an ce Tanko. Sunan mahaifinmu ne a rubuce a bayan rigar yaron, ga dubban mutane suna jinsa a ƙasar da bai taɓa mafarkin gani ba. Sani ya kama gwiwata.

Karon farko, aka rufe masa mutuminsa na farko, ya zura da gudu kamar da, ya wuce mutum biyu. Bitrus, wanda ke can sama da mu, na ji muryarsa da Hausa: "Haka nan! Haka nan!" Karo na biyu ya jefa ta wuce kan kowa. Suka matsa kaɗan, suka tsaya, lokaci yana ƙarewa. Sai ya karɓi ƙwallo ya ja da baya ya tsaya. Na ga kansa ya juya dama. A rufe. Ya juya tsakiya. A rufe. Wani ƙato ya ɓalle ya nufo shi, ni ina gani, shi ma yana gani. Bai gudu ba. Ya juya hagu ya saki ƙwallon daidai lokacin da ƙaton ya haɗa shi da ƙasa. Ta yi ta tafiya a sama har na ɗauka ta wuce fili. Wani siririn yaro ya miƙa hannu a can ƙarshen fili, inda ake cin maki, ta faɗa ciki.

Filin ya ɗauka. Mista Otis ya miƙe, da hoton ɗansa a ƙirji, yana nuna ni da hannu biyu yana gaya wa duk wanda ke kusa, "Ɗan wannan mutumin ne! Ɗansa ne!" Mutane suna ta dukan bayana. Ni takalmina nake kallo, ina jira in ga yaron ya tashi. Ya tashi.

Saura hukunci. Al'adarsu a ranar ita ce, wanda za a sallama shi ake kira. Idan wayarka ta yi shiru har wa'adi ya wuce, ka tsira. Yaron ya dawo gida, muka zauna a falo, wayar tana kan tebur. Hajiya Mairo ta dafa shinkafa babu wanda ya taɓa. Ya gaishe ni da ya shigo, na amsa, ba mu ƙara ba. Muka yi azahar tare, muka dawo muka zauna.

Wayar ta yi ƙara.

Ya ɗauka ya fita waje. Ta taga na ga yana gyaɗa kai. Ɗan Otis aka ajiye.

Washegari suka sake kira. Suna so ya zauna a rukunin 'yan atisaye. Ba zai sa riga ranar wasa ba, kuma kowane mako ana iya cewa ya tafi, amma zai ci gaba da koyo a hannun kocin nan. Sani ya ce abin da kocin ya faɗa shi ne, ɗaya suna buƙatarsa yau, ɗayan kuma ba sa so wata ƙungiya ta same shi. Ko maganata a filin atisaye da mummunan wasan da ya biyo bayanta sun taɓa ma'aunin, ban sani ba. Na tambayi Sani, ya ce a'a da sauri, irin saurin da ba ya kwantar da hankali. Har yau idan wayata ta yi ƙara da lambar waje sai gabana ya faɗi.

Ranar komowa yaron ya ce shi zai kai ni filin jirgi. Mu biyu ne a mota. Muka hau babbar hanyar nan, muka shiga cunkoso, babu mai magana. Can sai ya gyara murya. Da Hausa ya yi, yana ɗaukar kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.

"Baba. Mista Otis... uba ne nagari. Yana da kirki. Ya zo daga nesa saboda ɗansa."

Idonsa a kan titi, bai dube ni ba.

Babu ɗan Otis a motar da zai karɓa ya mayar. Ban buƙaci hakan ba. Na ce, "Haka ne." Na juya ina kallon motocin da ke gefe har muka isa.

Da na iso gida uwarsa ta tambayi mutanen gidan. Na ce suna lafiya, kilishi kuma kare ya hana. Ta ce ba komai, ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

To, ga shi nan daga farko har ƙarshe. Masu tambayar ko an ɗauke shi, kun ji: ba a ɗauke shi ba, ba a kuma sake shi ba. Masu tambayar wanda ya fi a cikin yaran biyu, ni dai abin da na gani, ɗan Mista Otis yaro ne mai natsuwa, ƙafarsa ba ta rawa, ba ya ɓarnar ƙwallo. Ɗayan kuwa, sai ku tambayi Mista Otis.